Darasi na Bakwai

A ɗakin wankin otal, can ƙarƙashin bene, a Jidda,
inda injuna tara ke nishi ba dare ba rana,
aka turo mana karatu ta waya.
Manaja ya ce kowa ya gama kafin Alhamis,
wanda bai gama ba, albashinsa zai ji a jika.

Ni dai dannawa nake yi.
Gaba. Gaba. Gaba.
Hoton ganye, hoton duniya a tafin hannu,
murmushin mutanen da ba su taɓa matse tawul ba.
Na ce kada wankin hula ya kai ni dare,
ga zannuwan gado ɗari uku suna jirana.

Sai darasi na bakwai ya riƙe mini yatsa.
Wai ruwan famfon nan namu
daga Bahar Maliya aka jawo shi,
aka ƙona mai don a raba shi da gishiri,
aka mayar wa teku da ɗacinsa ninki.
Na dubi famfon kusurwa.
Tun bara yake ɗiga, har na daina jin sa,
kamar yadda ake daina jin agogon ɗaki.

Ni fa jikan Barau ne, mai haƙar rijiya.
Gaba ashirin yake nutsawa
kafin ƙasa ta yi masa gumi,
in ya fito, ba ya yarda a wanke ƙafa da gugan farko.
Da shi ne a nan, da ya ja mini kunne
ba tare da ya buɗe waya ba.

Darasi na takwas kuwa Mizanur na karanta wa,
don rubutun ba na garinsu ba ne.
Da Larabcin kasuwa, da nuni, da rantsuwa,
na ce masa safar hannu haƙƙi ce, ba alfarma ba.
Ya juya tafukansa.
Sinadarin wanki ya tsattsaga su
kamar bakin tafki a watan bazara.
Shekara huɗu muna cin shinkafa a tire ɗaya,
ban taɓa kallon hannun da ke miƙo mini ruwa ba.

Muka hau wurin manaja mu biyu,
waya a hannuna kamar takardar kotu.
Safar ta zo bayan mako uku, ta yi masa yawa,
yana ɗaure ta da roba yana dariya.
Famfon, ni na naɗe shi da tsumma
kafin mai gyara ya tuna da mu.

An ba ni shaida, tana cikin waya, da tauraro a goshi.
Yanzu ba na tayar da inji sai ya cika.

A sama kuwa, hawa na sha biyu,
baƙi na jefo tawul ɗin da ko jiƙewa bai yi ba.
Ina ninkewa ina tunani:
su wa ke turo musu nasu darasin?