Huɗu Sau Huɗu

A Valparaíso, ƙarfe uku na dare,
jiragen ruwa sun yi barci a tasha,
Maite kuwa idonta biyu,
kofinta ya huce tun ɗazu.

Gida takwas a tsaye, takwas a kwance,
sittin da huɗu ke nan a filin wasan.
Kowane gida ɗayan huɗu zai zama:
bango, ko fili, ko rami, ko tsani.
Ta ce bari ta ƙirga, don dai ta sani.

Gida ɗaya, huɗu.
Biyu, sha shida.
A na goma ta haye miliyan,
ta ajiye biro ta bar wa kwamfuta.
Amsa ta fito kafin ƙiftawa:
uku, huɗu, sifili, sai jerin gwano,
lamba talatin da tara a layi guda.

Ta yi dariya ita kaɗai.
Ko da duk mutanen duniya sun zauna
kowa na buga ɗaya a kowace daƙiƙa,
rana za ta tsufa ta mutu
ba a ko lashi gefen kwanon ba.

Sai ta buɗe goma, duk wanda hannu ya faɗa.
Wani bango zalla, ɗan wasa a binne.
Wani ga ƙofa can, rami ya kewaye ta.
Wani tsani ya hau, ya hau,
bai tarar da kowa a sama ba.
Tsakuwa cike da buhu, shinkafa ƙwaya biyu.

Ta leƙa taga. Ga matakalar unguwarsu
tana hawa dutse a karkace,
wadda kakanta Evaristo ke bi da kwandon kifi.
A taka na arba'in yakan tsaya,
ya ce teku yake kallo,
alhali numfashi ne ya ƙare.

Ta dawo ta zana da hannunta:
tsani, tsani, rami, tsani,
sannan fili gida uku,
ba dodo, ba tsabar zinariya, ba komai.

Da safe Lautaro ya duba ya ce,
nan wurin asara ne, me ɗan wasa zai yi?
Ta ce zai tsaya.
Ya ce sannan fa?
Ta ce sannan ya ci gaba.

Wannan ma yana cikin lissafin, ta sani,
yana can kwance tun jiya a cikin jerin gwanon.
Lissafin ne dai bai taɓa ɗaukar kwando ba.