Tafintar Ranar Laraba

Sun ce ƙauyenmu ba ya nan.
Na duba taswirar hukuma, haka ne:
inda kakata Wadha ke shanya cuku a kan rufin kwano
fari ne fat, kamar ba a taɓa yin tari a wurin ba.
Kwaltar Bi'ir Saba'a ta wuce mu ba sallama,
wayar lantarki ta bi ta samanmu tana gunji,
ko sau ɗaya ba ta sauko ba.

Takardar da aka liƙa a ƙofa kuwa ta san hanya,
ita ba ta ɓata ba.
Ka rushe da hannunka, in ji ta,
ko mu rushe, mu aiko maka da lissafin katafila.

Babana Fraih ya ari guduma a maƙwabta.
Taga ya fara cirewa, a hankali,
kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro,
ya jingina ta da zaitun.
Bai yarda kowa ya taya shi ba.
Bulon da ya jera da kuɗin tumaki tara
ya sauko da shi kafin la'asar,
ya wanke hannu, ya yi salla a inda ɗakinsa yake jiya.

Ranar Laraba jakadu suka zo,
farar mota huɗu, kowace da 'yar tuta a hanci.
Ni ce tafinta, don na leƙa jami'a shekara biyu.
Muka shimfiɗa darduma a kan ɓaraguzai,
babana ya daka gahawa, turmin na amsa kuwwa,
ya zuba wa kowa da hannun dama
kamar gidan na tsaye.

Kakata ta buɗe gwangwanin shayi,
ta zaro takardar haraji ta zamanin Turkawa,
ta yi laushi kamar fatar bayan hannunta.
Gaya musu, ta ce, sha'ir aka biya a kan wannan ƙasa.
In takarda ba ta ishe su ba,
maƙabarta na bayan tudu, su je su ƙirga.
Na gaya musu.

Mai furfurar cikinsu ta ajiye kofi,
ta ce gwamnatinta na cikin damuwa matuƙa,
za ta bi lamarin sau da ƙafa.
Na juya na fassara.
Damuwa? in ji kakata.
Ce mata muna da ita buhu-buhu.
In ta zo da inuwa dai, ta bar mana.

Na dubi baƙuwar, na ce: tana godiya.
Wannan ƙaryar har yau tana kwana da ni.

Wani saurayi a cikinsu ya ɗauki hoton tagar,
ya nemi in faɗa masa sunan ƙauyen harafi-harafi,
wayarsa ta ce ba ta san shi ba.
Ya rubuta a tafin hannu.
Na ga ya share gumi da shi kafin ya shiga mota.

Da dare babana ya kafa turaku, ya ja tamfol,
ya ɗaure tagar da waya tsakanin sanda biyu,
inda babu bango.
Da asuba kakata ta buɗe ta,
ta leƙa, ta ƙirga awakinta,
ta ce ɗaya ta haihu.