Matajin Ƙaho

Ni na fara wanke shi, da ruwan kogin Marna,
a daren da ƙanƙara ta rufe bakin rijiya.
Ubansa ya yi wata bakwai a ƙasa
kafin yaron ya yi kukan farko.
Tun ba a yanke cibi ba
baffanninsa ke zaure suna ƙirga watanni da yatsu,
su kai ƙarshe, su sake daga farko,
ko lissafi zai ji tausayinsu ya ɓata.

Aka sa masa Odalrik.

A wurin Farankawa, sarauta gashi ce.
Ɗan sarki ba ya ganin almakashi;
ranar da ya gani, ya zama kowa.
To ni Bertila, 'yar makiyayin aladu,
da matajin ƙaho mai haƙori goma sha ɗaya
na riƙe abin da masu takubba suka kasa.
Kullum safe: zauna, kar ka motsa.
Ya ce, da zafi. Na ce, da saura.

Yana shekara huɗu dinya ta kore shi har madafa.
Yana biyar ya binne tsuntsu a gindin tuffa,
ya tilasta mini yi masa addu'a.
Yana cin farce. In an yi tsawa sai na sauya shimfiɗa.
Wannan ne fa ake ƙona garuruwa a kansa.

Baffa Gundram ya zo da kaka, da dawaki sittin,
ya ɗaga haɓar yaron da bakin bulala:
"Wannan hancin ba namu ba ne."
Uwar ta tara mutum saba'in da biyu a coci,
suka dafa akwatin ƙasusuwan waliyyi,
suka rantse a kan daren da babu ɗayansu a ɗakin.
Na san wanda aka ba gona.
Na san wanda saniya ta ishe shi.
Gaskiya ma, in za ta yi tafiya, sai da guzuri.

Sau uku muka gudu a keken shanu,
yana kwance tsakanin buhunan ulu,
gashin na naɗe cikin hular 'yata.
A ƙofar gidan sufaye wani tsoho ya nuna mini almakashi:
"A nan zai tsufa, baiwar Allah."
Na daɗe ina kallon ƙarfen nan.
Ban taɓa gaya wa kowa ba
cewa hannuna ya miƙa, sannan ya dawo.

Yana bakwai, a filin taron Maris, cikin taɓo,
suka ɗora shi a kan garkuwa suka ɗaga.
Ƙafarsa ta zame, ya cafke kunnen wani mayaƙi.
Masu suka buga, makogwaro dubu suka ce sarki,
shi kuwa yana ta waige, ni yake nema.

Gundram bai mutu ba. Yana ƙetaren kogi
da ɗansa, wanda gashinsa ya kai kafaɗa.
Wani lokaci nakan tuna
can ma akwai wata mace da mataji
tana cewa zauna, kar ka motsa.

Daren nan, bayan an kashe kyandir, ya ce:
"Bertila, ni ɗan babana ne?"
Na lalubi kansa a duhu.
Akwai ƙulli a bayan kunne, ƙarami, mai taurin kai.
Na ce, kawo in warware.