Sabon Rumbu a Titin Wilson

Wata takwas kwamfutata tana kuka iri ɗaya:
wuri ya ƙare, wuri ya ƙare.
Jan layi ya kai gaɓa ya tsaya cak,
kowane dare sai na zauna na yi alƙalanci:
wa zan kora, wa zan bari ya kwana?

Sana'ata naɗar muryoyin Lima.
Mai tallar tamal da sassafe a Barranco,
kwandasta rataye a ƙofar bas yana rera sunayen unguwanni,
masuntan Chorrillos masu ciniki da jijiyar wuya,
sarewar mai wasa wuƙaƙe tana hawa tana sauka.
Duk na cusa su a gigabait ɗari biyu da hamsin da shida,
sun matse juna kamar fasinjojin yamma.

Ran Talata, cikin yayyafin garin nan
da bai isa a kira shi ruwa ba, amma yana jiƙa kafaɗa a ɓoye,
na hau bene na uku a titin Wilson,
rumfa ta arba'in da bakwai, wajen Don Hermógenes Paucar.
Ya zaro sabuwar ma'ajiya daga leda.
Ko tsawon yatsana ba ta kai ba.
Na ce, wannan ce terabait guda?
Ya ce, Nélida, girman kai ba shi ne hankali ba.

Ya jona ta da igiya, ya ce sai an kwashe kaya
kafin a rushe tsohon ɗaki.
Minti hamsin muna kallon lamba tana rarrafe.
Ya aiki yaro ya sayo mana emoliente mai zafi,
ya ba ni labarin wata da ta ƙi jira,
ta rasa hotunan aurenta, daga baya ta ce gara haka.

Sannan ya kashe ta, ya kifa ta a kan shimfiɗar roba,
ya ƙirga ƙusoshi. Tara, in ji shi.
Na ce takwas nake gani.
Ya ɗaga robar ƙafarta da farce,
ga ta taran kwance, ta yi lamo.
Ya jera su a murfin kwalba,
ya ɓalle marfin a hankali, ƙas, ƙas,
ya zare igiyar batir tukuna:
mai taɓa cikin na'ura da wuta a jikinta
da kuɗinsa yake sayen kuka.

Ƙusa ɗaya ce tak ke riƙe da tsohuwar.
Ya kwance ta, ta ɗaga kai da kanta
kamar mai barcin da aka kira sunanta.
Ya zare, ya soka sabuwar a karkace, ya danne, ya ɗaure.
Aikin da na yi wata takwas ina tsoro
bai kai shan kofi ɗaya ba.

Ya kunna. Fuskarta ta dawo yadda na san ta,
har ɓeran yana inda na bar shi.
Ya naɗe tsohuwar a takarda ya damƙa mini:
kar ki goge ta sai wata ya zagayo.

A gida na buɗe na duba.
Layin ya koma shuɗi, ya tsaya a kwata,
sauran fili fetal, ba kowa.
Na zaci zan yi murna, na yi, kaɗan.
Sai na tuna da Señor Zacarías mai burodi
da ƙahon kekensa mai shaƙaƙƙiyar murya.
Bara na goge shi don in sami wurin wata zanga-zanga,
na ce ai kullum yana wucewa, gobe ma rana ce.
A watan Yuni ya daina wucewa.

Na nemi sunansa a sabon rumbun, ko da na san amsa.
Babu.

Ƙarfe biyar na asuba na sa takalmi,
na rataya na'urar naɗa a wuya.
Akwai wata tsohuwa mai sayar da fure a bakin gada,
tana kira kamar mai yi wa furannin faɗa,
shekara uku ina wuce ta ina cewa babu wuri.