Fitowa ta Tara

Shagona na bakin titin Samaru,
injin kwafi guda, da janareto mai tari.
Duk ran Alhamis Sagiru kan shigo,
yatsunsa baƙi ƙirin da tawada,
ya ce, "Kwafi arba'in, Barira, a rubuta."
Ban taɓa ce masa a'a ba.

Kafin inji ya ɗau zafi na karance.
Gida shida a shafi,
magana na fita daga baki cikin kumfa.
An kwashe ƙarafan dogo a Sabon Gari,
an tsinci maigadi bayan tsohon tarago,
hula a nan, takalmi ɗaya can,
ɗayan har yau ba a gan shi ba.

Abokai biyu ke bin sawu:
Jatau mai babur marar fitila
da Ashiru mai biro a bayan kunne.
Kwanonsu ɗaya, bashinsu ɗaya,
sun ci duka tare a gadar Kubanni,
ɗaya bai gudu ya bar ɗaya ba.

Sagiru ke zane, Mamuda ke sa magana,
daga Kongo yake aiko da ita a takardar lacca.
Wannan kowa ya sani.

A fitowa ta huɗu sai ga wata
mai sayar da kunun aya a mahadar jirgi,
da wushirya, da tabo a girar hagu.
Na ɗaga murfin inji na leƙa gilashi,
tabon da murfin langa ya yi mini ina 'yar shida
yana kallona.
Na buga arba'in ɗin, ban ce uffan ba.

A ta shida Ashiru ya ce mata,
"In an kashe ni a daren nan,
ki karɓi canjina wurin mai burodi."
Na yi dariya har takarda ta maƙale.
Da dare na kasa barci:
hannun da ya zana idon daban,
bakin da ya yi zancen daban,
to wa ke magana da ni?
Filo bai ba ni amsa ba.

A ta bakwai inuwar ɓarawo ta bayyana a bango
da kunnuwan Mamuda sak, fato-fato.
A ta takwas Jatau ya karɓi cin hanci,
da hular Sagiru a kansa.
'Yan aji biyu na ta musu a ƙofar shago,
su ga labari suke, ni faɗa nake gani,
faɗan da ba a ɗaga murya ba.

Jiya ta tara ta iso da kumfa fayau,
bakuna buɗe, babu kalma ko ɗaya.
Sagiru ya ajiye ya juya,
ko kwafi nawa bai faɗa ba.

Ni kuwa tun a ta uku na gane mai laifi.
Mai shayin tasha ya rantse ya kwana kan wuta,
amma ku duba butarsa: babu tururi.
Wataƙila mantuwar mai zane ce.
Oho. Na ɗauki birona ja,
na sa Jatau ya ce, "Yafe ni,"
na sa Ashiru ya ce, "Hau mu je, man ya kusa ƙarewa,"
na sa ankwa a hannun mai shayi.
Mai kunun aya na bar mata kumfarta fara,
ba don ba ta da ta cewa ba.

Ga su nan yanzu a bakin ƙofa,
kafaɗa da kafaɗa, suna karatu da shafi ɗaya.
Na jawo littafin bashi:
dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu.
Ku fara biyan wannan, samari,
sauran zancen sai fitowa ta goma,
ita kuwa ban fara ta ba.