Lissafin Wata

A Jos, inda ruwan bokiti ke cizon yatsa da asuba,
ni kaɗai ce a Rikkos ke kwana taga a buɗe.
Malam Garbati ya ja bargo biyu har kunne,
ni na tuɓe ɗankwali, na juya matashi,
wuta ta taso daga ƙirji ta hau wuya
kamar an ɗage murfin madambaci a fuskata.

Shekara ashirin da uku ina koyar da lissafi,
amma watana ya ƙi lissaftuwa.
Wannan karon kwana goma sha tara,
wancan sittin da biyu, shiru,
har na ɗauka an sallame ni,
sai ga shi ran Talata, tsakiyar darasi, ba sallama.
Na ƙirga sallolin da na bari, na sake ƙirgawa.
Na tsaya gaban allo, alli a hannu,
sunan yarinyar layin gaba ya ɓace mini ɓat.
Na ce, "Ke."
Sai cikin keke, wajen Farin Gada, ya dawo: Nenrot.

Inna ba ta taɓa raɗa wa abin suna ba.
"Jikin ne," takan ce, ta jiƙa tsamiya,
ta yi fifita har maraice.

A Lamingo, Dakta Kyenpiya ba ta yi gaggawa ba.
Ta auna jini, ta duba ƙirji,
ta tono mini dangi har kakanni:
wa ta yi ciwon daji, wa jini ya taɓa daskare wa a ƙafa.
Ta ce, "Ba tsufa zan tare miki ba.
Abin da jiki ya rage bayarwa zan ɗan cika,
kuma sai mun yi ta gwaji."

Gwajin farko filasta ne a ƙugu,
Litinin da Alhamis, kamar azumin nafila.
Ya yi ƙaiƙayi, ya bar jan tambari,
rannan na tsince shi manne a gefen baho.
Muka koma man shafawa, matsa biyu a cinya,
in jira ya bushe kafin in ɗaura zane.
Da dare ƙwaya guda, kwana goma sha biyu a wata,
mai gadin mahaifa, in ji likita.
Kalandar banki da ke bayan ƙofa
ta cika da jan biro: gicciye, ɗigo, alamar tambaya.

Sati uku ƙirjina ya yi tsami.
Na kira ta, ta ce in rage matsa ɗaya, mu gani.
Muka gani.

A watan shida Obiora mai kemis a Taminus
ya buɗe hannu: "Mama, kaya bai iso daga Legas ba."
Kwana tara ba magani.
Wutar ta dawo kamar mai bin bashi,
na yi wa Rumana tsawa a kan cokali.
Da ya iso, kuɗinsa ya haye kwandon dankali biyu.
Na biya. Yanzu nakan sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba.

Yaya Hansatu ta taɓe baki:
"Da girmanki? Wa kike wa ado?"
Yaya, barci nake nema.
Barci, da sunayen ɗalibaina.

Akwai takarda a jakata don ganin likita na gaba:
ɗigon jinin ran sha huɗu, lafiya?
Ciwon kan nan na hagu fa?
Har yaushe zan ci gaba?
Na ukun na ja masa layi biyu.

Jiya wajen ƙarfe uku na farka,
ba gumi, ba bugun zuciya,
tafin ƙafata ne kawai ya yi ƙanƙara.
Na daɗe a kwance ina sauraren abin
kafin in gane sanyi ne,
sanyin garinmu, wanda kowa ke kuka da shi.
Na tashi na rufe taga,
na janye wa Malam bargo ɗaya.
Ya yi gunaguni cikin barci. Ban mayar ba.