Sikelin Albasa

Shekara goma sha ɗaya ina taka keke a Tawa.
Mutum ya shigo rumfata, kafin ya ida sallama
na san faɗin kafaɗarsa, na san yadi nawa zai ci.
Amma ran Laraba, a farmasin bakin tasha,
da mai farar riga ta ce, "Kilo nawa ɗiyar taka?"
sai na tsaya kamar allurar da zare ya suɓuce mata.

Ga kush nan jere har rufi,
kowace leda da jariri mai dariya,
ba ɗaya da ya kwana yana kuka irin Barira.
Wannan lamba biyu, wannan uku,
wannan mai ƙamshi, wannan ya zo daga nesa,
wannan jika huɗu da rabi,
kuɗin ɗinkin riga da wando har da aiki a wuya.
Na ce, "Ƙugunta taki ɗaya da yatsa uku."
Ta yi murmushi. Ta ce ba a sayar da su da taki.

Na koma gida hannu sake.

Tsahara na zaune bakin gado, idonta ja.
Ta buɗe mini zane: ja ya fi na idonta,
cinya da cinya sun saɓe kamar tumatir a ruwan zafi.
Ta ce masu arahan nan ne, na ƙirge,
da ake ciro su daga buhu ba suna ba uba,
ni kuwa na sayo su, ina murnar canji.
Ban ce komai ba. Me zan ce?

Da safe na ɗauki Barira zuwa wurin Abarshi,
ya sauke buhun albasa, ya kakkaɓe faranti,
ya shimfiɗa rawaninsa.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
"Shida da rabi," in ji shi, "ban da kuka."
Ya ƙi karɓar ko dala.
Har yau in ta wuce yana ce mata 'yar Galmi.

Lamba uku ke nan.
Sai kuma na goge-goge: mai turare ko marar turare?
Na shinshina, ya yi mini daɗi.
Mai farar riga ta karɓe ta mayar.
"Hancinka ne ke so, ba fatarta ba.
Ruwan ɗumi da auduga, in kuna gida.
Ga farin mai, shafa da kauri,
kamar mai yaɓe kafin damina.
In kwana uku bai lafa ba, ku tafi asibiti."

Inna Kulu ta iske mu da ledoji.
Ta duba, ta juya, ta taɓe baki.
"Ku tara na goya da tsohon zane da man kaɗe.
Ku bar yarinya ta sha iska.
Ko ƙwarya in an kife ta da laima, wari take."
Tsahara ta dube ni, na dubi ƙasa,
don Inna ma ba ta yi ƙarya ba.

Yanzu ga yadda muka raba yini:
rana ta Inna ce, tabarma da iska ƙarƙashin bedi,
da kunzugun da na yanka daga farin alawayyo,
na ninke bakin ciki waje don kada ɗinki ya cije ta.
Dare na farmasi ne, guda ɗaya, wani lokaci biyu,
ina ƙirga su kamar maɓallan rigar wani.

Daren Lahadi ba wanda ya farka.
Ni ne na tashi, shirun ya ba ni tsoro.
Na haska tocila: tana barci, baki buɗe,
ƙafa ɗaya bisa cikin uwarta.
Na sa yatsa tsakanin roba da ƙugu
yadda nake gwada wuyan riga.
Ya shiga, ya fita.
Daidai.